Yadda Ake Haɗa Salak ɗin Gasasshen Dankalin Hausa

Yawancin gidajenmu sun saba da dankalin Hausa ne a dafe, a ci da mai da garin ƙuliƙuli, ko a soye da safe, ko kuma a yi fatensa da ganye. Wanda ya tashi a ƙauye ya san wata hanyar da ta fi waɗannan daɗewa, wato a binne shi cikin rushi bayan an sauke tuwon dare, a tono shi ɓawonsa ya ƙone, cikinsa kuwa ya yi laushi yana zaƙi kamar an zuba masa zuma. Salak ɗin da zan bayyana a nan ya ginu ne a kan wannan ɗanɗano na gashi. An fi saninsa a ɗakunan girkin Amurka da Turai, inda ake ajiye shi a gefen gasasshiyar kaza ko nama a matsayin mahaɗi, amma duk wanda ya taɓa cin kwaɗon zogale ko na rama ba zai ga wani baƙon abu a cikinsa ba, domin tsarin ɗaya ne: abu mai cika ciki, ganye, albasa, gyaɗa, da ɗan tsami da zai tada ɗanɗanon sauran.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe tun daga farko shi ne, kyan wannan salak yana wurin gashin. Idan dankalin ya gasu yadda ya kamata, gefensa ya yi ja ya ɗan bushe, cikinsa ya nuna ba tare da ya caɓe ba, to ko albasa da lemun tsami kawai aka sa masa zai yi daɗi. Idan kuwa ya dahu cikin tururinsa ya dagargaje, babu wani kayan haɗi mai tsada da zai gyara shi.

Zaɓen dankali

Dankalin da ya fi yawa a kasuwanninmu na Arewa shi ne mai farin ciki ko mai ɗan rawaya-rawaya, ɓawonsa fari ko ja. Wannan iri yana da sitaci sosai, ba shi da ruwa da yawa, shi ya sa idan aka dafa shi yake yin gari-gari a baki har mutum ya nemi ruwan sha. Akwai kuma mai jan ciki kamar karas, wanda Cibiyar Binciken Dankali ta Duniya da ke birnin Lima na ƙasar Peru ta daɗe tana yaɗawa a ƙasashen Afirka saboda sinadarin da ke cikinsa, wanda jiki yake mayarwa bitamin A. Aikin da aka yi a kan wannan iri ne ya sa masana uku na cibiyar, Maria Andrade da Robert Mwanga da Jan Low, suka shiga cikin waɗanda aka bai wa Kyautar Abinci ta Duniya a shekarar 2016. Mai jan cikin ya fi ruwa, ya fi zaƙi, kuma ya fi saurin laushi.

Wannan bambanci yana da muhimmanci ƙwarai, domin kusan duk bayanin girkin da ake samu a intanet daga Amurka an rubuta shi ne don mai jan ciki. Wanda ya ɗauki lokaci da zafin da suka rubuta ya yi amfani da su a kan farin dankalinmu ba tare da gyara ba, zai iya samun abu busasshe mai tauri a baki. Wani abin da ke rikita mutane kuma shi ne, a can sukan kira dankali mai jan ciki da sunan da ake kiran doya a Turanci, alhali kuwa ba doya ba ce, ba ma danginsu ɗaya ba. Ni a nawa ganin, farin ya fi riƙe siffarsa a cikin salak, jan kuma ya fi kyan gani da amfani ga yara. In an samu duka biyun a haɗa su rabi da rabi, amma kowanne a gasa shi a tirensa, saboda ba lokaci ɗaya suke nuna ba.

A kasuwa a zaɓi matsakaita masu nauyi a hannu, masu sumul, waɗanda ba su yamushe ba kuma ba su fara tsiro ba. Manya-manyan sukan yi jijiya a ciki. A duba jikinsu da kyau ko akwai ƙananan huji ko baƙin tabo, domin alamar ƙwaron dankali ke nan, wanda tsutsarsa take haƙa hanya a ciki ta bar ɗaci da wani wari mara daɗi. Irin wannan ɗacin ba ya tsayawa a wurin hujin kaɗai, yakan bazu, don haka wanda ya lalace sosai a zubar da shi gaba ɗaya. Dankalin da aka tono jiya bai kai wanda ya yi mako ɗaya ko biyu a ajiye zaƙi ba, saboda a lokacin ajiya wani ɓangare na sitacinsa yana komawa sukari. A ajiye shi a wuri mai inuwa da iska, kada a sa ɗanyensa a firji, domin sanyi yana sa tsakiyarsa ta yi tauri ko bayan an dafa, ɗanɗanonsa kuma ya canza. Lokacin hunturu ya fi dacewa da wannan girki, tunda a sannan ne dankali yake araha bayan kaka, latas da albasa mai lawashi kuma suna fitowa daga lambu.

Kayan da ake buƙata

Don mutum 5 ko 6, idan mahaɗi ne ba ainihin abincin ba, kilo 1 na dankali ya isa, wato kamar matsakaita guda 4. Wajen gashi za a buƙaci babban cokali 3 na man gyaɗa, ƙaramin cokali 1 na gishiri, rabin ƙaramin cokali na dakakken barkono, da ɗan masoro. Wajen haɗawa kuma ana buƙatar jar albasa 1 matsakaiciya, koren tattasai ko ja guda 1, latas kai 1, lawashi kaɗan, da soyayyar gyaɗa kamar cikin tafin hannu biyu. Ruwan haɗin kuwa ana yin sa da lemun tsami 2 ko 3, babban cokali 3 na mai, babban cokali 2 na garin ƙuliƙuli, tafarnuwa ƙwaya 1, ƙaramin cokali 1 na zuma, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Man zaitun yana da kyau ga wanda yake da hali, amma man gyaɗa mai kyau wanda bai daɗe a ajiye ba ya fi dacewa da ƙuli, kuma shi nake amfani da shi.

Wankewa da yankawa

A wanke dankalin sosai da soso har ƙasa ta fita daga lungunansa. Ferewa ba dole ba ce. Ɓawon yana taimaka wa yankan ya riƙe jikinsa, kuma idan ya gasu yana da daɗi, sai dai in yana da kauri ko tabo, to a fere. Da zarar wuƙa ta shiga, za a ga wani farin ruwa kamar nono yana tsattsafowa daga wurin yankan, yana danƙo a yatsu, bayan ɗan lokaci kuma ya yi baƙi a jikin wuƙar. Wannan ba alamar lalacewa ba ce, haka dankali mai kyau yake. A shafa ɗan mai a hannu da wuƙa kafin a fara, sai danƙon ya rage kamawa.

A yanka shi gutsi-gutsi masu kusurwa huɗu, kowane gefe kamar santimita 2, wato kwatankwacin girman dunƙulen miya ko ya ɗan fi shi. Abin lura a nan shi ne girmansu ya zo ɗaya, domin idan wasu ƙanana ne wasu manya, ƙananan za su ƙone kafin manyan su nuna. Farin dankali yana saurin yin duhu idan iska ta taɓa shi, saboda haka a riƙa jefa abin da aka yanka cikin ruwa har a gama. Bayan nan a tsane shi a kwando, a zuba a kan tsaftataccen ƙyalle, a goge ruwan tas. Mutane da yawa suna tsallake wannan goge-gogen don suna ganin ɓata lokaci ne, alhali ruwan da ya rage a jikin dankalin shi ne zai zama tururi a cikin obin, tururi kuwa dafawa yake yi, ba ya gasawa.

A zuba busasshen dankalin a babbar roba, a sa mai da gishiri da barkono da masoro, a juya da hannu har kowane gutsi ya sha mai yana ƙyalli. Kada a sa zuma ko ɗanyar tafarnuwa a wannan mataki, domin dukansu suna ƙonewa da wuri su kawo ɗaci.

Gashin kansa

A kunna obin ya yi zafi tukuna, ya kai digiri 200 zuwa 220 a ma'aunin Salshiyas, a bar tiren a ciki ya ɗauki zafi tare da shi. Akwai dalilin da ya sa nake dagewa a kan haka. A cikin dankali akwai wani sinadari da yake narkar da sitaci ya mayar da shi sukari a lokacin da zafin cikinsa yake tsakanin wajen digiri 60 zuwa 75, idan zafin ya wuce haka kuma sai ya daina aiki. Dankalin da aka binne a rushi yana daɗewa a cikin wannan matsakaicin zafi, shi ya sa yake fitowa da zaƙi da laushi har yana ɗigar da ruwa mai danƙo. Wannan abin so ne ga wanda zai ɓare ya ci haka nan, amma a salak ba a son zaƙin ya yi yawa, ba a kuma son gutsin ya narke. Obin mai zafi sosai yana ratsa dankalin da sauri, ya busar da bayansa, ya sa shi ja tun kafin cikin ya saki.

A fito da tiren mai zafi, a baza dankalin a kai jeri ɗaya, kowane gutsi yana taɓa ƙarfen, da ɗan fili tsakaninsa da na kusa da shi. Za a ji ƙarar cuwa a hankali lokacin da ya sauka a kan tiren, wannan ita ce alamar zafin ya yi. Karon farko da na yi wannan salak don baƙi, na tara kilo 2 a tire ɗaya don in gama da wuri, bayan minti 40 na buɗe na tarar na ƙasan ya jiƙe ya manne, na saman kuma fari fat, ina juyawa yana wargajewa, dole na mayar da shi fate. Tun daga ranar nake raba shi tire biyu, ko in gasa sau biyu, duk yadda nake sauri.

Idan mai jan ciki ne, a sa shi a buɗe, a bar shi minti 20 ba tare da an taɓa ba. A nan haƙuri ake buƙata, domin gefen da yake kwance a kan tiren sai ya samu lokaci kafin ya yi ja ya saki ƙarfen da kansa. Wanda ya yi gaggawar juyawa zai ga fatar gutsin ta manne a tiren, naman kuma ya biyo cokali. Bayan minti 20 a sa faffaɗan cokali a juya su a hankali, a mayar na minti 10 zuwa 15.

Idan farin dankali ne, sai a ƙara mataki ɗaya saboda ƙarancin ruwansa. A kifa wani tiren a kansa a minti 10 na farko don ɗan tururin da ke fita daga jikinsa ya fara tausasa cikin, sannan a cire murfin a ci gaba da gashi a buɗe na minti 20 zuwa 25, a juya sau ɗaya a tsakiya. Wata hanyar ita ce a jefa yankakken dankalin cikin tafasasshen ruwan gishiri na minti 4 ko 5 kawai, a tsane, a bar shi ya sha iska har tururin ya daina tashi, sannan a sa mai a gasa. Duka biyun suna aiki, amma na fi son ta farko don ba ta wanke ɗanɗanon dankalin. Farin yana kuma shan mai fiye da jan, saboda haka in an ga ya bushe a tsakiyar gashi a ɗan yayyafa masa cokali ɗaya.

Ana gane ya yi idan kusurwoyinsa sun yi ja mai duhu, wuƙa kuma ta shige cikinsa ba tare da turjiya ba, amma idan aka ɗaga gutsin a kan wuƙar bai rabe ba. Obin-obin sun bambanta, musamman na jikin murhun gas waɗanda wutarsu daga ƙasa kawai take fitowa, don haka a dogara da ido da wuƙa fiye da agogo. A irin wannan obin a ɗora tiren a matakin tsakiya, kuma a juya gabansa zuwa baya lokacin da ake juya dankalin.

In babu obin

Rashin obin ba ya hana yin wannan salak. Hanya mafi sauƙi ita ce kasko mai kauri da murfi. A ɗora shi a matsakaiciyar wuta, a zuba dankalin da aka riga aka cakuɗa da mai jeri ɗaya, a rufe na minti 8, sannan a buɗe a ci gaba da juyawa jefi-jefi har kowane gefe ya yi ja, abin da zai ɗauki kamar minti 12 zuwa 15. Kada a ƙara mai ya taru a ƙasan kaskon, in ba haka ba gashi ya koma suya.

Hanyar da ta fi ba da ƙamshi kuwa ita ce ta gawayi. A nan ba gutsi-gutsi za a fara yankawa ba, sai a yanka dankalin fale-fale masu kaurin yatsa, a shafe su da mai da gishiri, a jera a kan wayar gashi bayan harshen wuta ya mutu garwashi ya lulluɓe da farar toka. A riƙa juyawa duk bayan minti 5 har su nuna, sannan a yayyanka su ƙanana bayan sun ɗan huce. Tukunyar da ake zuba wa yashi a ƙasa don gasa kek ma tana yi, sai dai ba ta sa shi ja sosai, saboda haka in an yi amfani da ita a ƙarasa shi a kasko na mintuna kaɗan.

Albasa, ganye da ruwan haɗi

Yayin da dankalin yake kan wuta, a yanka albasa siriri-siriri, a matse mata lemun tsami ɗaya, a barbaɗa ɗan gishiri, a ajiye ta minti 15. Tsamin zai kashe mata yajin da ke hawa hanci, ta yi laushi, launinta ya koma ja mai haske. Ruwan da ya taru a ƙasan kwanon kada a zubar, shi ne tushen ruwan haɗin.

Latas kuwa a ware ganyensa ɗaya-ɗaya a wanke a ruwa mai tsafta sau biyu ko uku, domin ƙasa tana ɓuya a gindinsa, kuma ɗanye za a ci. A tsane shi sosai, a yayyaga da hannu. Wanda ya fi son zogale zai iya sa shi a madadin latas, a dafa shi yadda ake yi don kwaɗo, a matse ruwan sosai. Zogale yana da ɗan ɗaci-ɗaci da yake tafiya daidai da zaƙin dankali, kuma ba ya yaushi da wuri, don haka ya fi dacewa idan salak ɗin zai jima a kan tebur.

A daka tafarnuwa da gishiri har ta yi laushi, a zuba a kwalba mai murfi tare da ruwan albasar, ruwan sauran lemun tsamin, mai, zuma da garin ƙuli, a rufe a girgiza sosai har ya haɗe ya yi kauri. Idan ƙulin ya shanye ruwan ya yi tauri, a ƙara cokali ɗaya ko biyu na ruwa. A ɗanɗana ƙulin tun kafin a zuba, domin wanda ya daɗe yakan yi maƙaƙi, wani kuma an riga an sa masa gishiri da yaji da yawa. Ruwan haɗin ya kamata ya fi tsami da gishiri kaɗan a kan yadda baki zai so in shi kaɗai ake sha, saboda zaƙin dankali zai danne wani ɓangare nasa. Idan mai jan ciki aka gasa, ni nakan cire zumar gaba ɗaya. In babu lemun tsami, ruwan tsamiya mai kauri da aka tace yana maye gurbinsa. Mayonis kuwa ba na ba da shawarar sa shi, domin yana lulluɓe gashin da aka sha wahala a kansa, ya mayar da salak ɗin abu mai nauyi da zaƙi. Wanda yake son fari-farin ruwan haɗi ya yi amfani da kindirmo mara sukari cokali 3 a madadin rabin man. Idan a gidan akwai wanda gyaɗa ba ta karɓe shi ba, soyayyen riɗi zai tsaya a wurin gyaɗar da ƙulin duka, man zaitun kuma a wurin man gyaɗa.

Haɗawa da kaiwa tebur

Bayan an sauke dankalin a bar shi a kan tiren minti 10, kada a tara shi a kwano yana da zafi, don tururi zai tausasa bayansa. Idan ya koma ɗumi, a zuba a faffaɗan kwano, a sa masa rabin ruwan haɗin, a juya a hankali da hannu ko da cokali biyu. Dankali mai ɗumi yana tsotse ruwan haɗi ya shiga cikinsa, mai sanyi kuwa a bayansa kawai yake tsayawa. A bar shi ya ƙarasa hucewa, sannan a zuba albasa da tattasai da lawashi. Latas da sauran ruwan haɗin su ne na ƙarshe, dab da za a ci, gyaɗar kuma a ɗan farfasa ta a barbaɗa a sama don ta riƙe ƙaras-ƙaras ɗinta. A ɗanɗana sau ɗaya kafin a kai: in zaƙi ya rinjaya a ƙara lemun tsami, in an ji shi salam a ƙara gishiri.

Wannan salak ya fi dacewa da abinci mai gishiri da yaji, kamar gasasshiyar kaza, gasasshen kifi, tsire ko balangu. Idan za a haɗa shi da shinkafa, a rage yawan shinkafar, tunda dankalin ma yana cika ciki. Da azumi yana yin kyau wajen buɗa-baki a madadin soyayyen dankalin da aka saba, don mansa bai kai na suya ba. Masu ciwon sukari su lura cewa gasasshen dankali ya fi dafaffe saurin ɗaga sukarin jini, saboda haka su ɗiba kaɗan su yawaita ganyen.

Ana iya gasa dankalin tun da safe, a haɗa ruwan haɗin a ajiye daban, a cakuɗa da yamma. Abin da ya rage bayan an ci, a sa shi a firji cikin kwano mai murfi, zai kai kwana 3 in ba a sa masa latas ba, wanda aka haɗa da latas kuwa a cinye shi a ranar. Kada a bar shi a waje fiye da awa 2, a lokacin bazara ma awa 1, musamman idan da kindirmo a ciki. Farin dankali yana ƙara tauri idan ya kwana a firji, don haka a fito da shi minti 20 kafin a ci, ko a ɗan ɗumama shi a kasko, sannan a matsa masa sabon lemun tsami a barbaɗa sabuwar gyaɗa.